Yadda ɗumin jikin mutum ke tona abin da ya ɓoye a ƙarƙashin riga

Ranar 25 ga Disamba, 2009, wani matashi ɗan Najeriya mai shekara 23, Umar Faruk Abdulmutallab, ya hau jirgin kamfanin Northwest mai lamba 253 daga Amsterdam zuwa Detroit ɗauke da garin sinadarin PETN mai fashewa da aka ɗinke a cikin ɗan kamfansa. An bincike shi a Legas, an sake bincikarsa a filin jirgin Schiphol na Amsterdam, amma ƙofar gano ƙarfe ba ta da abin da za ta ce, domin abin da yake ɗauke da shi gari ne da ruwan sirinji. Allah ya kiyaye bam ɗin bai tashi ba, wuta kawai ya kama, fasinjoji da ma'aikatan jirgi suka danne shi. Shekara takwas kafin nan, a Disambar 2001, Richard Reid ya yi irin wannan yunƙuri da takalminsa a jirgin da ya tashi daga Faris zuwa Miami. Ƙofar gano ƙarfe, wadda aka wajabta a filayen jiragen saman Amurka tun 1973 domin maganin masu fashin jirgi da bindiga, tambaya ɗaya tak take amsawa, wato ko akwai ƙarfe ko babu, kuma wanda ya zo da wuƙar tangaran ko dunƙulen roba mai fashewa sai ya wuce ta salin alin.

Wannan giɓi ne ya sa hukumomin tsaro suka koma ga na'urorin da ke ɗaukar hoton jiki ta cikin tufafi, kuma mafi yawansu a yau da igiyoyi masu zangon milimita suke aiki. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo yana neman tasha a mita 25 ko mita 31 a gajeren zango ya riga ya san rabin maganar, domin waɗannan mitoci tsawon igiyar da tashar ke watsa shirinta da ita ne. Igiyar FM tsawonta kusan mita 3 ne, ta wayar salula kuma bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Idan aka ci gaba da gajarta igiya har tsawonta ya koma tsakanin milimita 1 da milimita 10, to an shigo yankin da ake magana a kansa, inda igiyar ke kaɗawa sau biliyan 30 zuwa biliyan 300 a daƙiƙa guda, abin da masana ke rubutawa gigahaz 30 zuwa 300. Yankin ba sabo ba ne ga ilimi, tun a shekarun 1890 Jagadish Chandra Bose ya samar da irin waɗannan igiyoyi a ɗakin gwajinsa da ke Kalkata a Indiya, har ya kai zangon milimita 5. Abin da ya sa suka dace da binciken tsaro shi ne matsayinsu na tsaka-tsaki: sun yi tsawon da za su ratsa yadin auduga da shadda da leda kusan kamar babu su, sun kuma yi gajartar da za a iya haɗa hoto da su. A fatar mutum kuwa suke tsayawa, ba sa shiga ko da milimita ɗaya cikakke, saboda ruwan da ke jiki yana shanye su.

Na'urorin sun kasu gida biyu, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne ginshiƙin wannan bayani. Kashi na farko su ne masu haskawa, irin rumfar gilashin nan da ake shiga a manyan filayen jirgi a ɗaga hannu sama. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce ProVision, wadda asalin fasaharta ya fito daga cibiyar bincike ta Pacific Northwest a Amurka, tana kuma aiki a tsakanin gigahaz 24 da 30, gab da bakin wannan yanki. Tana watsa wa mutum igiya marar ƙarfi, ta saurari abin da ya dawo, kwamfuta ta haɗa sura. Kashi na biyu su ne masu sauraro kawai, waɗanda ba sa fitar da komai. Idan ta farko maigadi ce mai tocila, ta biyu maigadi ce da ya kashe tocila ya zauna a duhu ya bar idonsa ya saba, yana dogara da ɗan hasken da abubuwa ke fitarwa da kansu.

To wane haske ne jikin mutum ke fitarwa? Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da igiyoyi, kuma Max Planck ya tsara lissafin wannan tun 1900. Ƙarfen da maƙeri ya zuga a wuta yana yin ja ne saboda zafinsa ya kai inda wani ɓangare na igiyoyinsa ya shigo yankin da ido ke gani. Jikin ɗan'adam bai kai wannan zafi ba, don haka mafi yawan abin da yake fitarwa yana can ƙasa da jan haske, a zangon da ya kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Wannan ne ma'aunin zafin da aka riƙa nuna wa matafiya a goshi lokacin Ebola a 2014 da lokacin korona yake karantawa, kuma dalilin da ya sa goshi ake nunawa shi ne irin wannan igiya ba ta ratsa riga ko hula. Amma jiki yana fitar da wani ɗan ƙanƙanin kaso a zangon milimita ma, kuma wannan kason yana fita ta cikin tufafi. A wannan yanki lissafin yana da sauƙi: ƙarfin igiyar da abu ke fitarwa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da zafinsa idan an auna daga sifirin ma'aunin Kelbin, wato matuƙar sanyin da babu abin da ke wuce shi. Saboda haka kyamarar milimita mai sauraro, idan aka tuɓe mata kwalliya, ma'aunin zafi ce da ke auna dubban ɗigo a jikin mutum daga nesa, ta mayar da kowane ɗigo fari ko baƙi ko toka-toka.

Sai dai zafin da take karantawa ba lalle ne ya zama zafin da hannu zai ji idan ya taɓa abin ba. Kowane abu yana yi wa igiya ɗaya daga cikin abubuwa uku, ko ya haɗa su a wani gwargwado: ya fitar da tasa, ya mayar da ta maƙwabtansa kamar madubi, ko ya bar ta bayansa ta wuce ta cikinsa. Fatar mutum tana fitar da mafi yawan abin da kyamara ke gani daga gare ta, don haka tana bayyana kusa da zafinta na gaskiya, wato digiri 33 zuwa 34 a ma'aunin Salshiyos. Ƙarfe kuwa kusan ba ya fitar da komai nasa, madubi ne tsantsa. Bindigar da ta yini a ƙugun mutum har ta yi ɗumi kamar jikinsa, a idon wannan kyamara ba ta da wannan ɗumi, zafin bango ko rufi ko sararin samaniyar da ke fuskantarta take nunawa. Roba da tangaran da gari da kuɗin takarda da aka ɗaure suna tsakiya, suna tare wani ɓangare na ɗumin jiki, su mayar da wani na waje, su ƙara da nasu. Abin da ma'aikaci ke gani a allo shi ne surar mutum mai haske da wani tabo mai duhu a inda wani abu ya shiga tsakanin fata da kyamara. Jikin mutumin ne fitilar, abin da ya ɓoye kuma inuwa ce a kanta.

Daga nan ake gane cewa ingancin hoton ya rataya ne a wuyan wurin da aka ajiye na'urar. A ɗauki zauren filin jirgi mai na'urar sanyaya ɗaki da ke kan digiri 22. Fata tana nuna wajen 32, ƙarfe yana nuna 22 na bango, bambancin digiri 10 ke nan, kuma idan tufafin suna da kauri sai su ci wani abu daga ciki. Dunƙulen roba mai fashewa da ya ɗauki ɗumin jiki zai iya bambanta da fata da digiri kaɗan kawai, shi ya sa dole na'urar da za ta yi aiki a cikin gini ta iya rarrabe abin da bai kai digiri ɗaya ba. A fili kuwa labarin daban ne, domin sama a wannan zango sanyi gare ta ƙwarai. Can bayan iskar duniya, zafin sararin samaniya bai kai digiri 3 a ma'aunin Kelbin ba, wato kusan digiri 270 ƙasa da daskarewar ruwa, kuma ko bayan iska ta ƙara nata ɗumin, busasshiyar sama a gigahaz 94 tana iya nuna sanyin da ya zarce digiri 150 ƙasa da sifiri. Ƙarfen da ya mayar da wannan sama sai ya fito baƙi ƙirin a jikin mutumin da ya fito fari a allo, bambancin ya haura digiri 100. Amma wannan alheri yana zuwa da nasa rikici, domin kafaɗa da ƙirji su ma suna mayar da wani ɓangare na sanyin sama, gefen jikin da ke fuskantar ƙasa mai ɗumi ya yi haske, hoton ya riƙa sauyawa duk lokacin da mutum ya juya ko gajimare ya gifta.

Ba kowane zango ake zaɓa ba, saboda iskar da muke shaƙa tana cin wasu. Iskar oksijin tana shanye igiya sosai a gigahaz 60 da kuma 118, tururin ruwa kuma a 22 da 183. A tsakanin waɗannan akwai wuraren da iska ta fi barin igiya ta wuce, kusa da gigahaz 35 da 94 da 140 da 220, kuma a nan masu ƙera na'urori suke kafa sansani. Hazo da hayaƙi da ƙura ba sa tare waɗannan igiyoyi sosai, shi ya sa tun a shekarun 1990 kamfanin TRW na Amurka ya ƙera irin wannan kyamara domin matuƙin jirgi ya hango titin sauka ta cikin hazo, kafin harkar binciken mutane ta karɓe fagen.

Wahalar gaske tana wajen ƙanƙantar abin da ake sauraro. Idan aka buɗe kunnen na'ura ya ɗauki faɗin gigahaz 10 daga abu mai ɗumin ɗaki, ƙarfin da ke shigowa bai wuce kashi 4 cikin biliyan 100 na wat ɗaya ba, kuma abin da ake nema shi ne bambancin kashi ɗaya cikin 300 na wannan ɗan mitsitsin. Ga shi ita kanta na'urar tana da ɗumi, kayan lantarkinta suna fitar da nasu shuu irin na rediyon da ba a kama tasha ba, wanda sau da yawa ya fi abin da ake sauraro ƙarfi. Masu nazarin taurari da rediyo sun daɗe da wannan ciwon kai. Robert Dicke ya wallafa maganinsa a 1946 bayan aikin da ya yi a kan na'urar hangen jirage a jami'ar MIT lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: na'ura ta riƙa juya kunne da sauri tsakanin abin da ake aunawa da wani abu da aka san zafinsa, ta ɗauki bambancin kawai, ta yadda tangal-tangal ɗin kayan lantarki zai soke kansa. Da irin wannan dabara Arno Penzias da Robert Wilson suka ji ragowar ɗumin farkon halittar sararin samaniya a tsakiyar shekarun 1960, kuma jikokin na'urarsu ne aka kai bakin wasu tashoshin jirgin ƙasa domin duba cikin rigunan fasinjoji.

Akwai wata ƙa'ida da ba ta da makawa a nan, wato tsabtar awo tana ƙaruwa da tsawon lokacin sauraro, amma a hankali. Wanda ke son ya rage shuu zuwa rabi sai ya ninka lokacin sauraro sau huɗu. A yi misali da na'urar da hayaniyarta ta kai digiri 1,000 a ma'aunin Kelbin, mai kunnen faɗin gigahaz 10. Idan ta saurari ɗigo guda na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, za ta iya rarrabe kusan sulusin digiri, wanda ya wadatar a cikin gini. To amma hoto mai ɗigo 5,000 da ake sabuntawa sau 10 a daƙiƙa yana buƙatar awo 50,000 kowace daƙiƙa, kuma idan kunne ɗaya ne zai zagaya su duka, rabon kowane ɗigo zai ragu har kuskuren awon ya haura digiri 2, tabon da ake nema ya nutse cikin yayyafin allo. Kafin a dawo kan sulusin digiri sai an jera kunnuwa 50. Kowane kunne kuwa ƙaramin amfilifaya ne, wato abin ƙara wa igiya ƙarfi, da ake ƙerawa da sinadarai masu tsada irin su galiyom asanaid da indiyom fosfaid, ba da silikon ɗin da ake yin kyamarar waya da shi ba. Wannan ne ya sa kyamarar waya ke da ɗigo miliyan 50 a farashin buhun shinkafa kaɗan, ita kuwa wannan tana lallaɓawa da 'yan kunnuwa gommai da wani madubi mai juyawa da ke share musu filin layi bayan layi. Wata hanyar ita ce a sanyaya kunnuwan har hayaniyarsu ta kusan mutuwa, kamar yadda masu bincike na jami'ar Cardiff suka yi da na'urar da suka gwada a filin jirgin birnin a Disambar 2018, wadda kunnuwanta ke aiki a ƙasa da digiri ɗaya na Kelbin. Hoton ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma an ƙara injin sanyi da kuɗin wuta da ɗawainiyar gyara.

Matsala ta biyu ita ce kaifin hoto. Ƙaramin abin da kowace kyamara za ta iya rarrabewa ya danganta da tsawon igiya da faɗin bakin kyamarar da nisan abin. Igiyar gigahaz 94 tsawonta milimita 3.2 ne, wato ta ninka ta hasken ido kusan sau 6,000. Kyamara mai baki faɗin rabin mita, kamar ƙaramin kwanon tauraron ɗan'adam, ba za ta rarrabe abin da bai kai santimita 4 ba a nisan mita 5, a nisan mita 10 kuwa sai abin da ya kusan santimita 8. Rigar bam ko bindiga mai tsawo za su fito, ƙaramar wuƙa kuwa sai ta narke cikin ɗigo ɗaya. Idan aka hau zuwa gigahaz 250, inda igiya ta koma milimita 1.2, bakin nan ɗaya zai rarrabe santimita 3 a mita 10, amma kuma tufafi masu kauri sun fara cin igiyar sosai. Kowane mai ƙira yana ciniki ne tsakanin ratsa riga da kaifin sura, kuma ba a samun ɗaya sai an sarayar da wani abu daga ɗayan.

Kamfanoni biyu na Birtaniya sun nuna ɓangarorin wannan ciniki. QinetiQ, wanda ya samo asali daga hukumar binciken ma'aikatar tsaron ƙasar, ya yi na'urar SPO a zangon gigahaz 94, wadda ake nuna ta kan mutum daga nesa ta ba da alamar ko akwai wani babban abu da ya tare ɗumin jikinsa. Thruvision kuwa, wanda ya fito daga cibiyar Rutherford Appleton kusa da Oxford da wani aikin Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, ya zaɓi gigahaz 250. A Agustan 2018 hukumar jiragen ƙasa ta Los Angeles ta sanar da sayen na'urorinsa, ta zama ta farko a Amurka da ta yi haka, kuma jami'anta sun fito fili sun ce abin da suke nema shi ne rigar bam da manyan bindigogi, ba ƙananan makamai ba. A Satumbar 2019 an gwada irinta na kwana biyar a tashar Stratford da ke gabashin Landan domin neman wuƙaƙe. Wuraren da aka kai su suna nuna inda amfaninsu yake. A ƙofar shiga jirgin sama, inda ake da damar tsayar da kowa a sa shi ya cire bel da agogo, rumfa mai haskawa ta fi kaifi kuma ita ta ci kasuwa. Amma hare-haren filin jirgin Domodedovo na Mosko a Janairun 2011, da na Brussels a Maris ɗin 2016, da na dandalin Manchester Arena a Mayun 2017, duk a wajen shingen bincike aka kai su, cikin taron jama'a, inda layin binciken ma kansa zai iya zama abin hari. A irin wannan wuri ake buƙatar abin da zai duba mutum yana tafiya, daga mita da yawa, ba tare da an tsayar da shi ba.

Masu tallar waɗannan na'urori suna yawan jaddada abu biyu, lafiya da sutura, kuma a kan na farko gaskiyarsu ce ɗari bisa ɗari, tunda abin da bai fitar da komai ba babu yadda zai cutar da mai juna biyu ko mai na'urar bugun zuciya. Ya kamata dai a yi adalci a ce rumfa mai haskawa ma ƙarfin da take fitarwa bai kai na wayar salula ba. Wadda ta jawo surutu ita ce mai amfani da hasken eksire, irin na ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, wadda Tarayyar Turai ta hana a filayen jiragenta a Nuwambar 2011, Amurka kuma ta kwashe nata a 2013 bayan kamfanin da ya ƙera su ya kasa cika sharaɗin ɓoye surar jiki. Batun sutura kuwa ya fi haka sarƙaƙiya. A Fabrairun 2010 majalisar malaman fiƙihu ta Arewacin Amurka ta fitar da matsaya cewa na'urorin da ke nuna tsiraici sun saɓa wa koyarwar Musulunci game da al'aura, kuma ba Musulmi kaɗai suka yi ƙorafi ba. Hoton na'ura mai sauraro dusu-dusu ne, ba ya nuna gaɓoɓi, kusan a ce rauninta ne ya zama mata ado. Duk da haka a 2010 ta bayyana cewa jami'an tsaron wata kotun tarayya a Orlando da ke jihar Florida sun adana hotuna kimanin 35,000 daga na'ura mai sauraro ta kamfanin Brijot, kuma a Nuwambar shekarar shafin Gizmodo ya wallafa 100 daga ciki. Hotunan ba su nuna wani abin kunya ba, amma sun nuna cewa alƙawarin da ake yi wa jama'a na cewa ba a ajiye komai yana buƙatar doka da mai sa ido a bayansa.

Dusu-dusun hoton shi ne kuma ya sa ake ƙoƙarin ɗora wa kwamfuta aikin karanta shi. Ma'aikacin da ya yi sa'a biyu yana kallon inuwoyi masu rawa a allo hankalinsa zai gaji, don haka ake horar da manhajoji su tace yayyafin, su zana iyakar jiki, su sa akwati a kan tabon da ya fita daban. Cikas ɗin shi ne manhaja tana koyo ne daga dubban misalai, hotunan irin wannan kyamara kuwa kaɗan ne, yawancinsu an ɗauke su a ɗakin gwaji da 'yan sa-kai ƙalilan sanye da tufafin ƙasar da aka yi binciken. Manhajar da ta saba da wando da kwat ba ta taɓa ganin babbar riga mai aiki a ƙirji ba, ko zane da aka ɗaura ninki uku, ko laya da guru na fata, ko goyo a baya. Ruwa kuma makanta ne gare ta, rigar da gumi ya jiƙa ko ruwan sama ya taɓa tana tare igiya kamar yadda fata ke yi. Ko rumfa mai haskawa ta sha wannan, domin gwajin da aka yi a filin jirgin Hamburg daga 2010 zuwa 2011 ya gamu da ƙararrawar ƙarya da yawa saboda gumi da ninkin tufafi, har gwamnatin Jamus ta jingine shirin a lokacin. Lissafin ƙararrawar ƙarya ba shi da tausayi: a tashar da mutum 100,000 ke bi a yini, na'urar da ke kuskure sau ɗaya cikin ɗari za ta sa a tare mutum 1,000 da ba su ɗauke da komai sai waya ko damin kuɗi, kuma jami'in da ya laluba mutum 999 bai samu komai ba, da wuya ya ɗauki na dubun da muhimmanci.

Ko an gano gaskiya, da sauran aiki. Mai tafiya a ƙafa yana cin kusan mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, don haka na'urar da ta hango abu daga mita 10 ta ba jami'ai daƙiƙa bakwai ne kacal. Idan babu ƙofar da za a rufe, babu shingen da zai raba wanda ake zargi da sauran jama'a, babu wanda aka horar da abin da zai yi a cikin waɗannan daƙiƙoƙi, to gargaɗin bai tsinana komai ba. A ganina nan ne ake yawan yin asarar kuɗi a harkar kayan tsaro, a sayi inji a manta da tsarin da zai yi aiki a cikinsa.

Wannan magana ta shafi yankin Tafkin Cadi kai tsaye. A shekarun da 'yan Boko Haram suka riƙa ɗaura wa mata da 'yan mata bam a ƙarƙashin hijabi suna tura su kasuwanni da tashoshin mota, abin da ke hannun 'yan sintiri bai wuce sandar gano ƙarfe ba, wadda sai an matso gab da mutum take aiki, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Rashin wata hanyar ce ta sa Cadi ta hana rufe fuska a Yunin 2015 bayan harin Njamena, lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru da jihar Diffa a Nijar suka bi sahu a watan da ya biyo, matakin da ya jefa miliyoyin mata masu sutura cikin zargi saboda laifin 'yan ƙalilan. A takarda, kyamarar da ke gani ta cikin hijabi daga nesa ba tare da ta nuna tsiraici ko an taɓa mace ba, kamar don wannan matsala aka ƙera ta.

Amma a tuna cewa bambancin zafi take gani, kuma an auna yawancin waɗannan na'urori ne a ƙasashen da ɗaki ke kan digiri 20 da 'yan kai. A Maiduguri ko Sakkwato ko Yamai, a watan Afrilu, zafin rana yana haura digiri 40. A ƙarƙashin rumfar kwano, ko a zauren da wutar lantarki ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, bango da ƙasa suna iya kaiwa digiri 33 ko 34, daidai da fatar mutum, kuma a wannan lokaci ƙarfen da ke mayar da zafin bango da fatar da ke fitar da nata za su zama launi ɗaya a allo, mutum da makaminsa da bangon bayansa su narke su zama toka. Idan zafin ya wuce haka sai hoton ya juye, makami ya fi jiki haske, manhajar da aka koya wa neman tabo mai duhu ta rikice. A buɗaɗɗen fili lokacin hunturu kuwa, busasshiyar iska tana ba da sama mai sanyi, ƙurar hazo kuma ba ta dame ta ba, don haka na'urar za ta yi aiki fiye da yadda take yi a Landan. Da damina sai tururi ya ɗumama saman, gumi ya jiƙa riguna, bambancin ya ragu. Ana iya gyara wasu daga cikin wannan ta hanyar gina mashiga mai sanyayyen bango ko barin rufin a buɗe ga sama, amma wannan aikin magini ne da mai kula da janareto, kuma ba ya cikin kwalin da injin ke zuwa a ciki. Hukumar da aka kawo wa irin wannan na'ura talla, kafin ta sa hannu a takarda, sai ta nemi a girka ta a ƙofar kasuwar da za ta yi aiki, da ƙarfe biyu na rana a tsakiyar bazara, a sa mutanen garin su wuce ta gabanta da tufafin da suka saba sawa, sannan a ƙirga sau nawa ta gani da sau nawa ta yi ƙarya.